Tsohuwar Nas da Kwamfutar da Ta Ƙi Buɗe Shafi

Tunda ka ce abu ya cije maka har kana shirin watsar da shi, zauna ka ji misalin wata mata da aka yi a Funtua. Hajiya Kubura sunanta, nas ce da ta yi ritaya bayan ta tsufa a ɗakin marasa lafiya. Mijinta ya rasu ya bar mata kwamfuta, a cikinta akwai hotunansa da muryarsa yana karatun Alƙur'ani, shi ya sa take lallaɓa ta kamar ƙwai. Autarta Rumasa'u tana karatun likita a ƙasar waje, ta aiko cewa ran Asabar da la'asar za a yaye su, kuma za a nuna bikin kai tsaye a shafin makarantar. Hajiya ta bi maƙwabta gida gida ta gayyace su, ta sa aka jiƙa zoɓo.

Ana gobe biki kwamfutar ta nemi a sabunta tsarinta. Hajiya ta amsa mata, ta bar ta tana aikinta. Da gari ya waye komai ya fito fes, sai dai burauzar da ake shiga intanet da ita ta ƙi buɗe ko shafi ɗaya. Duk adireshin da ta rubuta, sai abin ya yi ta juyi, can ya tsaya a kan farin allo. Ta naɗe kwamfutar a mayafi ta kai wa mai gyara a bakin tasha. Mutum ne mai gaskiya, ga aiki jibge a gabansa. Ya duba ya ce, "Hajiya, sabon tsarin nan haka yake yi wa mutane. Mafi sauri a goge komai a zuba wani. Kwashe abin da ke ciki kuwa sai Litinin." Ta tuna muryar da ke ciki, ta ce, "A'a, ɗan nan. Ban taɓa ganin an yanke ƙafa don ciwon da ba a gano ba."

Ta koma gida ta ɗora kwamfutar a kan tebur, ta sa tabarau, ta zauna gabanta yadda ta saba zama a bakin gadon majiyyaci. Ta fara da abin da ya fi sauƙi, ta kashe ta kunna, babu canji. Ta ɗauki wayarta ta haɗa da na'urar intanet ɗin gidan, shafi ya buɗe nan take, ta ce to, hanya lafiya lau take, ciwon yana jikin kwamfutar. Ta duba kwanan wata da agogo, don marigayi ya taɓa gaya mata idan suka kauce shafuka kan ƙi buɗewa. Daidai suke. Sai ta lalubo wata burauzar da ta zo tare da sabon tsarin ta gwada, ita ma ta ƙi. Nan ta gyara zama, domin in yara biyu suka kwanta da ciwo iri ɗaya a gida ɗaya, ba yaran ake tuhuma ba, randar da suke sha ake leƙawa. Ta tambayi kanta, mene ne duka biyun suke bi ta kansa kafin su fita? Azahar ta yi, ta yi salla, ta dawo tana bin manhajojin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, har idonta ya faɗa kan tsohuwar manhajar tsaro da mijinta ya sa tun yana raye. Ashe ita ce ba ta gane sabon tsarin ba, ta tsaya a ƙofa kamar maigadin da aka canza wa maigida, ta hana kowa shiga da fita. Hajiya ta dakatar da ita na ɗan lokaci, ta sake rubuta adireshin makarantar, sai ga shafi ya buɗe da tambarinsa. Ba ta bar gida babu gadi ba. Ta sauko da sabuwar manhajar tsaron, ta kunna, ta sake gwadawa, shafi ya buɗe yadda ya kamata.

La'asar na yi falo ya cika da mata, wasu a kujera wasu a tabarma. Aka kira sunan Rumasa'u, ta fito cikin rigar yaye, matan suka ɗauki guɗa. Hajiya Kubura dai tana zaune kusa da allon, ta miƙe wuya, hawaye na bin kumatunta ba ta share ba. Wata maƙwabciya ta tambaye ta wa ya gyara mata kwamfutar, don ta gan ta da safe ta fita da ita a mayafi. Hajiya ta ɗaga hannayenta biyu ta nuna mata, ta ce, "Waɗannan."

To ka ji. Abin da ke aiki jiya ya tsaya yau, akwai abin da ya tsayar da shi, kuma mai bin sawu a hankali yakan iske shi tun bai rushe gidansa ba. Hausawa sun riga sun faɗa: ruwa ba ya tsami banza.