Kai Guda Ake Bin Gidan

Tun hantsi ƙafar Nomau ke cikin turu a bakin kasuwar Matameye. An kama shi da raƙumin sata, an yanke a bai wa masu ayarin da ya yi wa satar shi su wuce da shi arewa. Al'ada ta yarda dangi su kawo wani a madadinsa, amma ba wanda ya leƙo.

Sai ga wani baƙo ya tsaya a kansa, ya sauke amawalin rawaninsa. Tsagar gidan su Nomau ce a kumatunsa. Illa ne, ƙanensa da ya sayar wa fatake suna samari, ya ce wa mahaifiyarsu kura ta ci shi.

Nomau ya ja ƙafa, turu ya riƙe.

"Ka zo ka saye ni ka rama?"

"Da wannan niyya na rayu, Yaya," in ji Illa. "Har bauta ta kai ni Lakwaja. Can na ji labarin Isa Almasihu, wanda ya ɗauki hukuncin masu laifi don su shirya da Allah. Na ba da gaskiya."

Illa ya juya wajen madugun ayarin. "Kai guda kuke bin gidanmu, ko?"

Madugu ya gyaɗa kai. Aka buɗe turu.

Illa ya cire takalmi, ya zauna, ya zura ƙafarsa.

"Tafi gida, Yaya. Inna ta riga ta gama kukana. Ba ta fara naka ba."