Mai Baƙar Riga

Da hantsi Maccido masaƙi ya fara ganin mutumin. Matarsa Bara'atu tana shanya auduga a tsakar gida, fara fat a kan tabarma, sai gefen wata baƙar riga ya wulga ta bayanta. Kafin ya duba da kyau, mai rigar ya sulale.

Ya zaga bayan rumbu, ya leƙa makewayi. Ko sawu babu.

"Wa ash shigo gidanga?"

"Kowa bai shigo ba, Malam. Mi ka gani?"

Ya koma bakin saƙarsa.

Tun daga ranar aka kasa gane kansa. Da la'asar sakaliya, in inuwa ta rufe gidan, yakan zauna kusa da ita tana kaɗi, yana yaba laushin zarenta, har turare ya sayo mata wurin fatake. Rana na take tsaka, sai fuska ta murtuke, ko ruwa ta miƙo ba ya karɓa. Maƙwabta suka ce iska ce. Gwaggonsa ta kawo rubutu, ya sha don a ƙyale shi. Shi dai ya san abin da ya gani.

Wayon mutumin ya fi komai ci masa rai. Ba ya zuwa sai an fito da auduga ko an baza fararen sawayen saƙa a rana, kuma kullum ta hagu yake ɓullowa. Maccido ya zargi Tukur marini, ya daina amsa sallamarsa. Ya ƙara wa danga tsawo. Saki ya kuɓuce masa da azahar, kafin magariba ya mai da ita yana hawaye. Na biyu ma haka.

"Igiya guda ta rage maka," in ji limamin unguwa. "Ka riƙe bakinka."

Ya riƙe, har ranar da Bara'atu ta wanke farin zanen da ya saƙa mata, ta ɗaga shi za ta shanya. Baƙar rigar ta gifta daf da kafaɗarta.

Ya furta saki na uku.

Ba ta yi kuka ba. "Allah na gani," ta ce, "ban san kowa ba sai kai." Yayanta ya zo ya tafi da ita garinsu Kwalkwalawa.

Da gidan ya yi masa faɗi, Maccido ya fita filin bakin ganuwa yin wadari, yana jan farin zare daga turke zuwa turke. Fili fetal, ba danga, ba rumbu. Sai ga rigar ta wulga ta hagu. Ashe har nan zai biyo shi da izgili! Ya cije leɓe, ya durƙusa ya duba ko turakun sun miƙe, ya kanne idon hagu yadda masaƙa ke yi.

Mutumin ya ɓace. Ya buɗe idon, mutumin ya dawo. Ya sake kannewa, a hankali, mutumin ya sake ɓacewa.

Kwarton da ya raba shi da Bara'atu, a cikin idonsa yake zaune.