Mai Sifana da Babur ɗin Duane

Duane Halvorsen ya tsuguna a garejinsa na Minnesota ta Amurka, ya zura wa kayan injin da ya baza a kan tsohon bargo ido. Babur ɗin ya girmi aurensa, kuma Marlys, matarsa, ta riga ta yanke hukunci: in watan Mayu ya kama bai tashi ba, masu gwangwani za su kwashe shi, motarta ta samu wurin kwana.

Duane direban motar 'yan makaranta ne, ba bakanike ba. Abin da ya cece shi wani dandali ne na masu tsofaffin babura a intanet. A can ya gamu da wani mai kiran kansa Mai Sifana. Mutumin ba hoto, ba surutu, amma duk abin da ya faɗa sai ya zama haka.

"Zoben fistan ɗinka ya cinye. Canza shi, ka daina lallashinsa."

Duane ya canza.

"Sifirin ɗin gaba a juye ka saka. Kai, wa ya koya maka?"

Ya duba, a juyen yake kuwa. Ko hoto bai kai ga turawa ba. Ya girgiza kai, ya ce lallai gwani daban ne.

Sannu a hankali hira ta wuce ta inji. Duane ya fara kai ƙarar surukarsa Verna, mai shekara saba'in da tara, wadda ta tare a ɗakin da ke saman garejin tun rasuwar mijinta. Kullum ya taɓa guduma sai ta buga sanda a ƙasa.

"Tsohuwar nan ba ta da aiki sai latsa waya da gasa biskit kamar dutse," ya rubuta wa abokinsa.

"Ka ci ka yi shiru," in ji Mai Sifana. "Ka wanke kafiretar nan tukuna?"

Washegari Verna ta leƙo da faranti. "Duane, har yanzu gawar nan kake wa wanka?"

"Za ta tashi, Mama."

"To, Allah ya sa ina raye."

Shokazoban baya ya ci masa mako uku. Ranar Laraba ce ta fi ba shi wahala, don mutumin ba ya amsa saƙo sai yamma, shi kuma ga jigilar kai Verna wasan lambobi na bingo a coci da ɗauko ta.

Saura kwana biyu Mayu, da hantsi, ya turo babur ɗin waje. Marlys na tsaye a bakin ƙofa riƙe da mukullin motarta, tana kaɗa shi. Ya buga kik, shiru. Ya sake bugawa, shiru. Gumi ya keto masa. Wayarsa ta yi ƙara, saƙon Mai Sifana ne.

"Buɗe famfon mai, sarkin gaggawa."

Ya buɗe, ya buga. Injin ya yi tari biyu, sannan ya kama ruri har karen maƙwabta ya tsere. Marlys ta saki mukulli a aljihu.

Duane ya rubuta: "Ya tashi! Faɗa mini garinku. Ko Alaska ne zan zo, kai za ka fara hawa."

"Ba sai ka ƙona mai ba. Ɗaga kanka."

Ya ɗaga. A tagar saman gareji Verna ce ke kaɗa masa waya, ta riga ta ɗaure hular kwano.