Man Gyaɗan Inna

Ɗan jarida ya miƙo wa Inna makirufo a ƙofar shagonta na Sabon Gari. Bidiyo ya zagaye gari, wai man gyaɗanta algus ne.

"Inna, ki ce sharrin maƙiya ne," ɗanta ya raɗa mata.

Ta harare shi. Shi ya gauraya man, amma sunanta na shekara talatin ne zai zube.

Ta juya ga ɗan jaridar. "Gaskiya ne, ɗan nan, a shagona aka yi. Wanda ya saya ya dawo da shi, in biya shi."

Washegari ta tarar da layi har titi, kowa da galan. Ta ɗaga na farko, ta ji shi sakayau.

"Na zubar da wancan, Mama," in ji mai galan ɗin. "Saye na zo. Cika min."