Tabarau Mai Kauri

Ranar da dokar hana hangen nesa ta fara aiki, Malam Tanimu ya bi layin miƙa madubin hangensa. Shekara talatin ya yi yana goge gilashi a masana'antar da ta ƙera madubin.

Ma'aikaciyar ta karɓa, ta kalle shi. "Baba, tabarau ɗin nan naka bai yi kauri ba?"

"Tsufa ne, 'yata."

Bai gaya mata cewa gilasan madubin ne ya cire ya saka cikin tabarau ɗin ba. Da zai fita ya yi karo da ƙofa, har ya ba ƙofar haƙuri, don yanzu ba ya ganin abin da ke kusa. Amma can bayan shingen gwamnati, tar yake hango kukar da aka binne matarsa a gindinta.