Farcen Ungozoma

Tana cikin yanke farce a bakin taga, kamar kowace safiya kafin ta tafi asibiti, malamin makarantar da ke neman aurenta ya yi sallama. Ungozoma ba ta tara farce, don fatar jariri ba ta san wasa ba. 'Yar da marigayi mijinta ya bar mata tana karyawa a gefe.

Ya zauna yana murza hannuwa.

"Inna ta amince da aurenmu," in ji shi. "Sai dai ta ce uwa tagari ba ta barin tata a gida ta je tarbar na wasu. Wai ki ajiye aikin."

Ba ta ɗago ba sai da ta gama da ƙaramin yatsa.

"Malam, kakata ta haifi goma sha ɗaya, shida suka koma, aka yaba haƙurinta. Mahaifiyata ta bar karatu saboda ni, har ta rasu littattafanta na ƙasan akwati, ita ma aka yaba. Ni kuwa jiya yaro ya taho ta ƙafa, na fito da shi, uwarsa na numfashi."

Hasken safiya ya kwanta a kan yatsun nan masu tsabta. Ya dube su, sai kunyar saƙon da ya ɗauko ta rufe shi.

"To, me zan ce mata?"

Ta yi murmushi, ta rataya jaka.

"Ka gaishe ta. Ka tambaye ta, matar da ta karɓe ka ranar haihuwarka, ita ba ta da 'ya'ya a gida?"

Ta riƙo hannun 'yarta, ta fita.