Tafin Yahya

"Ni ɗan jam'iyya mai mulki ne, amma Alhaji Barau na adawa ya yi aiki," in ji mai sharhi a talabijin ɗin rumfar direbobin Jibiya.

"An saye shi!" Ɗantala, direba ɗan ga-ni-kashe-nin jam'iyyar, ya daka tsawa.

Amininsa Yahya ya yi wa mai sharhin tafi yana dariya. Ɗantala ya suri ƙarfen kwance taya ya maka masa a ka. Yahya bai kai asibiti da rai ba.

Ɗantala na da kwana uku a tsare, shugaban jam'iyyarsu na mazaɓa ya zo duba shi, da hoton Barau maƙale a ƙirji.

"Ranka shi daɗe, wannan fa?"

"Au, ba ka ji ba? Jiya ya shigo jam'iyyarmu. Shi ne ɗan takararmu."